Shekara 3 ina ɗaukar kwanon sarki a Lekki, yanzu ina son in koma makaranta

Wasiƙar wannan makon daga Agege ta fito. Ga abin da marubucin ya ce, a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Shekarata 22, a Agege aka haife ni, amma mahaifina mutumin Jigawa ne, ya rasu ina aji biyar na sakandare. Tun da na gama makaranta nake aikin lebura a wuraren gini a Lekki da Ajah. Da kwanon sarki na fara. Yanzu fomanmu ya ba ni littafi, ni ke ƙirga siminti da rodin da ya shigo da wanda ya fita, ni ke rubuta sunan ma'aikata, in rigima ta tashi tsakanin leburorinmu da birkiloli Yarabawa ni ake kira saboda ina jin harshen kowa. Ina son in shiga jami'a in karanta sibil, wato injiniyancin gine-gine da hanyoyi, a riƙa kirana injiniya. Wani ya ce akwai kwas na kula da aikin gini, wai ya fi sauƙi, ban san bambancinsu ba. A WAEC ina da C6 a lissafi, fiziks kuma D7. Kawuna, wan mahaifiyata, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Ya ce in zo ya ba ni jari, shekara 5 ɗin da zan ɓata a makaranta ta ishe ni in yi aure in riƙe ƙannena huɗu. Ogan birkilolinmu kuma dariya yake mini, wai injiniyoyin ma a hannunsu suke koyon aiki. Na rasa wadda zan kama."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karo na biyu ne na lura cewa abin da ya fi nauyi a cikinta shi ne wanda ka faɗa a gurguje ka wuce, wato littafin nan da foman ya damƙa maka. Ka riƙe shi a ranka, zan dawo kansa. Bari mu fara da ogan birkiloli, don na san maganarsa ce ta fi ci maka rai ko da ba ka faɗa ba.

Rabin maganarsa gaskiya ne, ni kaina shaida ne. Da na fito daga jami'a aka tura ni wurin gini na farko, kaina cike da karatu, amma ban iya raba yashi mai kyau da mai laka ba. Wani dattijon birkila ne ya ɗebi yashin da tifa ta juye, ya zuba a kwalba, ya cika ta da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. Can da yamma ya kira ni ya nuna mini. Yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta yi layi a samansa, kaurinta ya kai yatsa biyu. Ya ce in ka kwaɓa da wannan, laka siminti zai kama, ba yashi ba. An koya mana wannan gwajin a aji har da lissafinsa, amma a hannun tsohon nan na gane shi. Har gobe ina yi masa addu'a.

To, shi dai wannan dattijon, bayan wata biyu na iske shi da mai ɗaurin rodi sun shirya barandar hawa na ɗaya, irin wadda ke fitowa waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Sun shimfiɗa rodin can ƙasa, yadda suka saba yi a tsakiyar dekin. Shekara 30 yana ganin ana sa rodi a ƙasa, bai taɓa ganin ya ba da kunya ba. Dalilin sa shi a can ne ba wanda ya taɓa faɗa masa. Kankare yana da ƙarfi ƙwarai in danne shi ake yi, amma in ja ne, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, nan da nan yake tsagewa. Shi ya sa ake sa masa rodi, kuma a gefen da ake jan ne rodin ke aiki. Dekin da ke zaune a kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, ta kowane gefe, in nauyi ya hau tsakiyarsa cikinsa na ƙasa ne ke miƙewa, can rodi zai zauna. Ita kuwa baranda gefe ɗaya ne a riƙe, bakinta ne ke son sunkuyawa, don haka samanta ne ke miƙewa, a daidai gindin da ta haɗu da gini. Ka samu kara, ka riƙe gefe ɗaya, ka danna ɗaya gefen ƙasa, ka duba ta ina zai fara tsagewa. Rodin da aka sa a ƙasan irin wannan baranda, da shi da babu duk ɗaya. Ranar da aka cire katakon tokara, ko ranar suna da mata suka cika ta, ranar za ta sauko da duk wanda ke kanta. Muka kwance muka sake ɗauri. Tsohon bai ji daɗi ba, amma da na yi masa misalin karan nan sai ya yi shiru, can ya ce Allah ya ƙara sani.

Ka ga inda sanin oganku ya tsaya ke nan. Ya iya duk abin da hannunsa ya maimaita, iyawar da ni ba zan taɓa kai wa ba. Amma Legas ba gari ba ne da ake maimaita abu ɗaya a zauna lafiya. Kai da ke kwana a Agege kana aiki a Lekki, ƙasa iri biyu kake takawa kullum. Ta Agege da Ikeja ja ce, mai tauri, tana ɗaukar gida ba gardama. Ta Lekki da Ajah da Ikoyi yashi ne da taɓo, ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo, wasu wuraren ma fadama ce aka cike da yashin da aka yaso daga cikin ruwa. Shi ya sa kake ganin ana kawo inji ya huda ƙasa a ɗebi samfur kafin a sa diga. Shi ya sa wani gidan ake zuba masa faffaɗan fandisho kamar tabarma a ƙarƙashinsa baki ɗaya, wani kuma a kafa masa turakun kankare su nutsa har su iske ƙasa mai ƙarfi. Iskar teku ma gishiri gare ta, tana ratsa kankare ta ci rodi, shi kuwa rodi in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa kankaren da ya rufe shi. 'Yan ƙananan tubalan nan da kuke kira biskit, da ake cusawa ƙarƙashin rodi kafin a zuba kankare, wasu na ganin ɓata lokaci ne, alhali su ke ba rodi rufin da zai kare shi shekaru masu yawa.

Kuma ba a takarda kawai abin ke ƙarewa ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, yawancinsu ma'aikatan da ke ciki ne, masu neman na abinci irinka. Kafin nan, ranar 13 ga Maris 2019, wani bene a Ita Faaji cikin tsibirin Legas ya faɗo da makarantar yara a samansa. Duk lokacin da na wuce wurin gini na ga samarinmu suna hawa tsani da kwano a ka, waɗannan ranakun nake tunawa. Saboda haka da na ga ɗaya daga cikinsu ya rubuto yana son ya san dalilin abin da yake ɗauka, ba zan ce masa ya haƙura ba. Ka yi karatun. Tambayar da ta rage ita ce wanne.

Sibil shekara 5 ne. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri, ta biyu kuna haɗe da sauran ɗaliban injiniya a yawancin darussa, daga ta uku ake shiga ainihin sana'ar: ƙarfin kayan gini, yadda nauyi ke sauka daga dekin zuwa bim zuwa ginshiƙi zuwa ƙasa, halin ƙasa, tafiyar ruwa, aikin safiyo, hanyoyi da gadoji. A shekara ta huɗu akwai wata 6 na koyon aiki a kamfani, wanda ake kira SIWES. Aikin ɗan sibil shi ne ya zauna ya lissafa, ya ce ginshiƙin nan kaurinsa kaza, rodinsa mai milimita 16 guda kaza, ya sa hannu ya buga hatimi. Filinsa ya wuce gidaje nesa ba kusa ba. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, gadar sama ta Pen Cinema da ke ƙofar gidanku da aka buɗe a 2021, layin dogon da ya ratsa Agege zuwa Oyingbo, tashar jiragen ruwa ta Lekki, magudanan da ke hana unguwa nutsewa da damina, duk aikinsu ne. Hukumar da ke yi musu rajista ita ce COREN, wadda aka kafa da dokar 1970, kuma sai ka yi shekara 4 kana aiki bayan digiri kafin ka nemi rajistar.

Ɗaya kwas ɗin da aka ba ka labari, kula da aikin gini, a yawancin jami'o'inmu ba shi da sashe na kansa a matakin digiri na farko. A ƙarƙashin sashen nazarin gini yake, wanda ɗalibai ke kira bildin. A Jami'ar Legas da ke Akoka sashen yana tsangaya ɗaya da masu ƙididdigar kuɗin gini, ba a tsangayar injiniya yake ba. Shi ma shekara 5 ne, hukumarsu CORBON ce, dokarta ta 1989. Mai zane ya zana, ɗan sibil ya lissafa, to wa zai mayar da takardun nan su zama gini? Shi ne wannan. Shi ke tsara wane aiki zai riga wane, wane kaya zai iso ranar nawa, mutum nawa ake buƙata, ta yaya za a tabbatar da inganci, ta yaya ba wanda zai faɗo daga sama. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ma shi ya ɗora wa waɗannan.

Ka tuna ranar zuba dekin a wurinku, don a ranar ne ake gane aikinsa. Tsakuwa daga Ogun ko Ibadan za ta taso, sai an yi odarta da wuri. Motar kankare in ta maƙale a gosulon hanyar Lekki zuwa Epe, abin da ke cikinta ba ya jira, kamawa yake, wanda aka riga aka zuba kuma in ya bushe kafin sabo ya iso sai a samu gaɓa mai rauni a tsakaninsu. In a wurin ake kwaɓawa, buhun siminti ɗaya na kilo 50 kwanon yashi 4 ne da kwanon tsakuwa 8 a gwami na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, amma in rana ta take ba mai tsayawa a kai sai kwano 8 ya koma 10. Leburori na son a ƙara ruwa don kankare mai ruwa ya fi sauƙin juyewa, ba su san ƙarfinsa suke zubarwa ba. Ga hadari ya haɗo a watan Yuni. Ga 'yan omo onile, masu iƙirarin filin na kakanninsu ne, a bakin get suna neman nasu. Ga mai gida a waya yana cewa siminti ya tashi, a rage. Sai an ɗebi kankaren an cika 'yan akwatunan gwaji, a kai a murƙushe su a kwana 7 da kwana 28 a ga ko ya kai ƙarfin da aka rubuta. Sai an yi ta ban ruwa aƙalla mako guda. Sai an hana kafinta cire tokara kafin lokaci, ko da yana son katakonsa a wani aikin. Mutum ɗaya ke riƙe da duk wannan a kansa, kuma rabin aikinsa magana da mutane ne.

Yanzu dawo kan littafinka. Kana ƙirga kaya, kana rubuta ma'aikata, kana raba faɗa da harshe uku in an haɗa da burokin. Ba wanda ya aike ka makarantar wannan, foman ne ya duba mutanen da ke gabansa ya ga kai ne za ka iya. Duk wasiƙarka ba ka ce kana son lissafi ba, ba ka ce ka taɓa tsayawa kana mamakin yadda gada ke tsaye a kan ruwa ba. Abin da ka ce shi ne kana son a kira ka injiniya. Na fahimci wannan sarai, ban kuma ga laifinka ba. Wanda ya yi shekara 3 ana ce masa "aboki, zo ɗauki wannan" yana da haƙƙin ya so ranar da za a kira shi da girmamawa. Amma suna ba ya riƙe mutum shekara 5 a ajin da ba ya jin daɗinsa. Na ga yara masu ƙwazo da suka shiga sibil don sunan, lissafin shekara ta biyu da ta uku ya yi ta mayar da su baya har suka bari. Ni dai da ni ne kai, da abin da ka rubuto, bildin zan cike. Can ne shekara 3 ɗinka za ta zame maka jari, ka shiga aji ka riga sauran ganin abin da malami ke zanawa a allo.

Sai dai abu biyu zan faɗa maka don kada gobe ka ce na ɓoye. Wanda ya ce ya fi sauƙi bai san shi ba. Akwai lissafi, akwai darasin nauyin gini, akwai ƙiyasin kuɗi, babu inda za ka tsere wa fiziks. Na biyu, ƙofar sibil ta fi faɗi. Ɗan sibil na iya zuwa daga baya ya yi digiri na biyu a kula da aikin gini, ya haɗa biyun. Ɗan bildin kuwa ba zai sa hannu a lissafin ginshiƙi ko zanen gada ba, kamfanonin hanya da ma'aikatun ayyuka ma ɗan sibil suka fi nema. Don haka kada ka yanke yau. A yawancin jami'o'i darussan JAMB ɗin kwas biyun iri ɗaya ne, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Ka sayi tsofaffin tambayoyin JAMB na lissafi da fiziks, ka ba su awa ɗaya da rabi kullum har wata 3. Na san hanyar Agege zuwa Lekki na cinye rabin ranar mutum, in da hali ka riƙa kwana a wurin aiki cikin mako kamar yadda da yawa ke yi, ka yi karatun bayan sallar asuba kafin jiki ya mutu. In ka ga kana warware tambayar nauyi da motsi har kana neman ƙari, to C6 ɗin nan rashin malami ne da rasuwar uba, ba rashin kai ba, ka nufi sibil da ƙarfinka. In kuwa kana ci ne da ƙyar kamar shan magani, ka san amsarka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Maganar D7 ba ta da tsawo: ba kiredit ba ne, sai ka sake. Jami'ar Legas kiredit 5 take nema a zama ɗaya, ma'ana ba fiziks kaɗai za ka sake ba, duka za ka zauna, ko WAEC ta masu zaman kansu ko NECO. Maki 200 a JAMB shi ne kawai ke ba ka damar zama jarrabawar jami'ar, wanda ake ɗauka a kwasa-kwasan nan ya haura haka sosai. Wasu makarantun suna karɓar zama biyu, ka karanta ƙa'idar kowacce a kundin JAMB na shekarar kafin ka sayi fom.

Akwai wani abu a hannunka da watakila ba ka san darajarsa ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ilimin boko, Jigawa na cikinsu. Ka je garin mahaifinka ka karɓo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kada ka jira sai ranar da aka neme ta. Da ita kake neman wannan kason a Akoka, da ita kuma kake ɗan yanki in ka nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, inda rayuwa ta fi Legas sauƙi. Abin da za ka rasa in ka tafi Arewa shi ne aikin Asabar da na hutu da kake da shi a nan, da kusancin Mama. Ka auna wannan da kyau. Ni na fi son ka zauna kusa da ita in gurbi ya samu.

Akwai kuma Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ke nan tun 1947, tana ba da difloma a sibil da bildin da ƙididdigar kuɗin gini. Shekara 2 ka samu ƙaramar difloma, ka fita ka yi aiki shekara ɗaya da takarda a hannu, sannan ko ka dawo babbar difloma, ko in sakamakonka ya yi kyau ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ga mai ƙanne huɗu wannan hanyar tana da daɗi, don kowane mataki na iya ciyar da kai. Amma ka sani, a wurin COREN mai babbar difloma ba a matakin injiniya ake fara yi masa rajista ba, sai ya ƙara karatu. Kada kowa ya ce maka duk ɗaya ne.

Yanzu Kawu. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi a matsayin wanda ya tare maka hanya. Mutumin da ƙanwarsa ta zama bazawara da yara biyar, ya ce zo in ba ka jari, ba ƙinka yake ba. Lissafi ya yi, lissafinsa kuma ba na banza ba ne. Albasar Mile 12 ta gina gidaje a Agege, ta kai mutane Makka, ta aurar da 'ya'ya. In ma ka duba, shekara 5 da ya ce kaɗan ya faɗa. Shekara ɗaya ta gyaran takardu, 5 ta karatu, ɗaya ta bautar ƙasa, ka kai 29 ke nan, in ba a yi yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8 ba. Wannan gaskiyar daga bakinka ya kamata ya ji ta, kada ya gano ta da kansa daga baya.

Ka fara da Mama. Ku zauna ku biyu, ka ji abin da ke ranta, don wataƙila ita ma tsoron ranar da ba za ka shigo da na cefane ba take. In ta amince, ita za ta share maka hanya wurin wanta. Shi kuma kada ka tare shi a kasuwa da sassafe ana sauke mota, ka same shi a gida bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka fara da godiya. Ka je da takarda, tunda ɗan kasuwa ne. Ka rubuta abin da kake kawowa gida a wata, abin da za ka iya ci gaba da kawowa da aikin Asabar da na hutu, da gibin da zai rage. Ka faɗa masa akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye a makarantun gwamnati, ana ba ɗalibi ɗan abin kashewa duk wata, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ka kira shi da sunansa a gabansa. Hukumar tallafin karatu ta jiharku ma ka buga ƙofarta da takardar asalin nan.

Sannan ka nemi abu ɗaya a wurinsa, shekara guda. Ka ce, Kawu, ka ba ni shekarar nan in gyara takarduna in zauna JAMB, in ban samu gurbi ba zan zo rumfa da ƙafata. Ka cika wannan alkawarin in abin ya zo a haka, babu kunya a ciki. Jarin da ya yi niyya kuma ba sai ya kwanta ba. Ƙaninka mai bi maka na iya fara zuwa rumfa ranar Asabar, ko a riƙa saukar wa Mama buhu ɗaya tana kasawa a unguwa in tana so. Dattawa sun fi saurin sakin hannu in sun ga ba watsi aka yi da kyautarsu ba.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ba a koyarwa a Akoka ko Zariya. Wata rana wani mai gida ya kira ni gefe ya ce in mayar da rodin ginshiƙai daga mai milimita 16 zuwa mai 12, ai ba mai gani in an zuba kankare. Na ƙi, ya sallame ni, na yi watanni ba aiki ga iyali a gida. Ba zan ce maka abin ya zo da sauƙi ba. Duk takardar da za ka samo, ko ta COREN ko ta CORBON, irin wannan ranar za ta kawo maka, kuma kai ta riga ta fara zuwar maka a ƙaramin sifa. Mai riƙe da littafin siminti ba ya daɗewa kafin wani ya ce masa rubuta 100 alhali 90 aka sauke, ga naka. Ka rubuta 90. In abin ya fi ƙarfinka ka mayar wa foman littafinsa ka koma kwano, da dai ka sa hannu a ƙarya. Buhu 10 ɗin nan daga cikin dekin wani za su fita.

Ogan birkiloli kuwa kada ka yi masa gardama, ka ci gaba da gaishe shi, ka roƙe shi ya koya maka jera bulo da ɗaukar lebur yadda ya kamata. Za ka buƙaci wannan a kowane kwas ka shiga.

Ranar Litinin in injiniyan wurinku ya zo zagaye, ka same shi da ladabi ka ce ya nuna maka takardar jadawalin rodi na bim ɗaya tak, ya karanta maka abin da alamomin ke nufi. Ka je ka tsaya a kan bim ɗin kafin a rufe shi, ka ƙirga rodin sama da na ƙasa, ka auna tazarar zobban da aka ɗaure su da su, ka ga ko sun yi daidai da takarda. Bayan wata 3 ka rubuto mini abin da ka gani, da makin da kake samu a tsofaffin tambayoyin nan, mu zaɓi kwas ɗin tare kafin a buɗe sayar da fom. Ka gaishe mini da Mama.